Mudun da Ba Mu Muka Ƙera Ba



Duk wanda ya saba zama a taron ƙungiyar gama kai a ƙasar Kura ko Bunkure ko Garun Malam, bayan an kwashe amfanin rani, ya san yadda maganar take tafiya. A buɗe da addu'a, a karanta aya, sa'an nan a shiga lissafin masu laifi. Taki bai zo a kan kari ba. An rufe ƙofar ruwa ranar da shuka take ƙishi. Dillalai sun karya farashin tumatir. Shanu sun shiga albasa. Da yawa cikin wannan gaskiya ne, ba mu kuwa ce a daina faɗa ba. Amma ku lura, sunan da ba a cika kira ba a irin wannan taro shi ne na mutanen da suke zaune a cikin ɗakin. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mutum ba ya iya auna kansa da mudun da shi ya ƙera. Ko bai yi niyyar cuta ba, hannunsa zai ɗan buga gindin mudun a inda ya dace da shi. Zuciya ma haka take. In ka bar ta ta zama alƙali a shari'arta, da wuya a tashi ba ta wanke kanta ba. Saboda haka muna bukatar ma'aunin da ya fito daga waje, wanda bai san ɗan wane ba, ba ya kuma jin nauyin dattijo. Mu dai mun gaskata Littafi Mai Tsarki ne wannan ma'auni. Faɗar haka ba wuya a bakin mai bi. Abin da ya kamata shi ne mu iya faɗar dalilin da ya sa muka amince da shi, mu kuma gwada shi a kan abin da yake gabanmu kullum, watau ruwa da bashi da kwandon tumatir.

Bari mu fara da ruwa. Kakanninmu noman damina suka sani, sai ɗan lambu a fadama ana jan ruwa da jigo. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako, ana fitowa daga farin 1973 wanda tsofaffi ba su manta ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, daga baya aikin ya koma hannunta. Ruwa yana tasowa daga Tiga ta babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu reshe biyu, ɗaya ya nufi wajen Bunkure, ɗaya wajen Kadawa da Kura. Daga nan ya shiga ƙananan hanyoyi har bakin gona, ba inji, gangare kawai yake bi. An tsara kashi na farko zai shayar da hekta wajen 22,000, ko da yake ba duka aka kai ga gyarawa ba.

Ba mai musun albarkar wannan aiki. Kura ta zama garin shinkafa, motoci suna lodin tumatir a Kwanar Gafan zuwa kudu, samarin da dā sai su tafi cin rani sun sami abin yi a gida. Amma aikin ya zo da wata jaraba wadda kakanninmu ba su sani ba. Ruwan sama daga bisa yake saukowa a gonar kowa, ba mai iya tare wa ɗan'uwansa hadari. Ruwan kanal kuwa sai ya wuce ta bakin gonar wani kafin ya iso taka. Na kusa da ƙofa, in ya ga dama, ya jera buhunan ƙasa da dare ya tare hanya, ya cika fadamarsa har ta tumbatsa tana malala a banza, na ƙarshen layi ya kwana a gona da tocila yana jiran abin da ba zai zo ba. Da safe su haɗu su gaisa. Ran Lahadi ma mai yiwuwa a benci ɗaya suke zaune.

Ku tambayi na kusa da ƙofar ko ya yi sata. Zai rantse bai yi ba, kuma ba ƙarya yake ji yana yi ba. Zai ce ruwan gwamnati ne, ba na kowa ba. Zai ce shi ma na gabansa haka suke yi masa. Zai ce shinkafarsa tana fitar da kai, in ta rasa ruwa kwana biyu an yi asara. Kowace hujja tana da ɗan kamshin gaskiya. Wannan shi ne mudun da mutum ya ƙera da kansa.

Ku buɗe littafin Sama'ila na biyu, sura 11 da 12. Sarki Dawuda ya ɗauki matar sojansa Uriya, ya kuma shirya aka bar mijin a bakin dāga har aka kashe shi. Magana ta lafa, sarki yana ta mulkinsa. Sai annabi Natan ya zo masa da ƙara, kamar yadda akan kawo wa sarki shari'a. Wani attajiri mai garke ya yi baƙo, ya ƙi taɓa ko ɗaya cikin nasa, ya kama 'yar tunkiya guda tak ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka. Dawuda ya fusata, ya yanke hukunci mai tsanani nan take. Sa'an nan Natan ya nuna masa a kan wa hukuncin ya faɗa.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba a wannan labari. Zuciyar Dawuda ba ta mutu ba. Ta san adalci sarai, tana jin zalunci ta tafasa. Abin da ta kāsa shi ne ta gane mai laifin sa'ad da yake zaune a kan gadon sarauta da rigar Dawuda a jikinsa. Haka na kusa da ƙofa yake. Ku ba shi labarin wani babban mutum da ya kafa injin ban ruwa a babban kanal yana zuƙe rabon ƙauye guda, za ku ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya san shari'ar. Wanda zai juyo da ita ta dube shi ne babu, sai an sami murya daga waje.

Wannan muryar kuwa ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba. Mu duka da muke shan ruwan Tiga, har da na ƙarshen layi, a kusa da ƙofa muke in an gwada mu da mutanen gabas. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda yake ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Tun da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da take cika waɗannan fadamu kowace shekara ta ragu, tafiyar ruwan ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyi, masunta da manoma da makiyaya na can sun ji a jikinsu. Ba mu muka gina madatsa ba, gaskiya ne. Amma duk ruwan da aka bari ya kwana yana malala a kan hanyar mota don an ƙi tashi a rufe, daga rabon wani aka cire shi.

To, me ya sa muka amince da littafin da yake faɗa mana irin wannan? Dalili na farko yana cikin labarin Dawuda ɗin nan. Ku tambayi kanku, su wa suka ajiye shi? Mutanen Dawuda ne, waɗanda zuriyarsa ta mulke su shekaru ɗaruruwa, waɗanda suke alfahari da shi fiye da kowane sarki. Ku je kowace fada ku saurari maroƙa. Za ku ji yaƙin da sarki ya ci da kyautar da ya yi, ba za ku taɓa jin ranar da ya ji kunya ba. Littafi Mai Tsarki bai yi wa manyansa roƙo ba. Ya faɗi yadda Musa ya kashe Bamasare ya turbuɗe shi a yashi, da yadda Yakubu ya yaudari mahaifinsa makaho. Bitrus shi ne babba cikin manzanni a farkon ikkilisiya, duk da haka Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, su huɗun nan, ba wanda ya tsallake daren da ya yi musun Ubangijinsa har sau uku. Da littafin na gyaran suna ne, da wannan shafi aka fara yagewa. Shaidan da ya faɗi abin da ya ga ɗan ɗakinsu ya yi, in ya zo kan maganarka sai ka saurara. (Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama waɗannan bayin Allah ƙwarai, ba su kuma karɓi wasu labaran yadda muke karanta su ba. Ba don gardamar bakin kasuwa muka kawo su ba. Don kanmu aka rubuta mana su.)

Wani zai ce, ai littafin ya bi hannu da yawa, wa ya san abin da aka sauya? Har a cikin ikkilisiya akan ji wannan, musamman in tsoho ya buɗe tsohuwar fassara yaro ya buɗe sabuwa, kalmomi suka sha bamban. Tambaya ce mai kyau, kada a tsawata wa mai yinta. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa. Bayan kusan shekara 50 aka fito da sabuwar fassara, don Hausar ta yi daidai da bakin mutane. Littafin da tsohuwa ta kira Misalai, sabuwa ta ce Karin Magana. Kubawar Shari'a ta koma Maimaitawar Shari'a. Amma ku ɗauki biyun ku buɗe inda aka yi maganar ma'aunin zalunci, ku gani ko akwai wadda ta halatta shi. Game da asalin kuwa, a 1947 makiyaya suka tsinci tsofaffin naɗaɗɗun littattafai a kogon dutse a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A ciki har da littafin Ishaya cikakke, wanda ya girmi kwafen Ibrananci da aka daɗe ana dogara da su da shekara wajen 1,000. Da masana suka gwada, sun sami bambancin rubutu da na wasu kalmomi nan da can, ba su ɓoye ba, amma Ishayan da muke karantawa shi ne dai Ishayan. A ganinmu, ayoyin da suke hana manomi barci ba waɗanda ake shakkar fassararsu ba ne. Waɗanda suka fito fili ne ƙwarai har ba wurin laɓewa.

Dalili na biyu shi ne, littafin nan ya san gona da kasuwa. Bai tsaya a maganar sama ba ya bar mu mu yi yadda muka so a ƙasa. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ya ajiye mudu biyu a gida, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Sura 19 da 27 sun yi maganar mai matsar da iyakar gona, wanda a wurinmu shi ne mai shafe kunya kaɗan kaɗan kowace shekara in an zo huɗa. Sura 24 ta ce a biya ɗan ƙodago hakkinsa kafin rana ta faɗi, gama da shi zai ci. Matan da suke wuni a sunkuye suna dashen shinkafa ko tsinkar tumatir, sau nawa ake ce musu su dawo in an sayar? Annabi Amos a sura 8 ya kwatanta 'yan kasuwan da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma rage mudu, har suna haɗa ƙaiƙayi a cikin hatsi. Duk wanda ya taɓa ganin an yayyafa wa shanshera ruwa don ta yi nauyi, ko an yi wa kwando fuska da manyan tumatir an binne ruɓaɓɓu a ƙasa, ya san Amos bai yi nisa da kasuwarmu ba. Akan ce ai dillali ma yana cuta, in ɓera da sata daddawa ma da wari. To, dillali zai amsa nasa. Sunanka ne a jikin kwandon.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ta fi kashe ƙungiyoyi. A Nuwamba 2015 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka fara a Kebbi ya bazu har nan. An ba da iri da taki da magani, a biya da amfani bayan girbi. Wasu ruwa ya cinye gonarsu, wasu kayan bai iso su a kan kari ba, waɗannan uzurinsu a fili yake. Amma sanin kowa ne, a faɗin ƙasar nan da yawa sun girbe lafiya suka ƙi biya, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Bayan an sauya shugabancin bankin a 2023 aka janye daga irin wannan rance. Yanzu ƙaramin manomi mai gaskiya yana neman wanda zai yarda da shi. Zabura ta 37 ba ta raba bashin gwamnati da na maƙwabci ba, ta sa mai ci ya ƙi biya a layin mugaye. Wannan magana tana da ɗaci, musamman ga wanda yake ganin manya suna cin abin da ya fi nasa sau dubu. Amma in satar babba ta halatta ta ƙarami, ba ranar da za a sāke samun asusun da zai zagayo.

A ƙaramin asusun ƙungiya ma haka ne. Mutum ya sami buhu 40, ya gaya wa ma'aji 25, don a rage masa abin da zai mayar. Ku karanta labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Bitrus ya nuna musu gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Laifin shi ne sun kawo wani kashi suna nuna duka ne, a gaban jama'ar da take rayuwa bisa yarda da juna. Ƙungiyar gama kai ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu. Jarinta na gaske shi ne in wane ya ce 25, 25 ɗin ne.

Kada masu hali su ɗauka wannan wa'azin talakawa ne. Tun shekarun farko na aikin nan aka ga yadda ƙaramin manomi, in ya kāsa kuɗin taki da na huɗa, yake ba da gonarsa haya ko jingina ga mai ƙarfi, ya koma ƙodago a cikinta. Nehemiya sura 5 kamar a kanmu aka rubuta ta. Yunwa da haraji sun sa talakawa sun jinginar da gonakinsu ga 'yan'uwansu masu kuɗi, suna biyan ruwa a kan bashi, har 'ya'yansu suna shiga bauta. Nehemiya ya tara taro, ya sa kansa a cikin masu ba da rancen, ya ce a mayar da gonakin a ranar, ya kuma sa aka yi alkawari a gaban firistoci. Abin lura ne a Hausa, kuɗin ruwa suna ɗaya ne da abu biyu. Akwai wanda ake biya don a gyara kanal, akwai wanda ake ɗora wa mabukaci. A cikinmu akan sami mai gudun na farko yana karɓar na biyu da hannu bibbiyu. In dattijon ikkilisiya yana riƙe da gonar gwauruwa shekara bakwai a kan kuɗin da ya riga ya fanshe sau uku daga amfaninta, doka ba za ta kama shi ba. Nehemiya ya kama shi.

Akwai dalili na uku, wanda ba a cika faɗa ba. Ma'aunin kirki ba ya ragewa, ba ya kuma ƙarawa. Littafi Mai Tsarki ba ya ɗora mana laifin da ba namu ba. A 2016 tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, gonaki suka ƙone cikin 'yan kwanaki, har masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta rasa abin niƙawa ta tsaya. A irin wannan lokaci ba a rasa mai wa'azin da zai miƙe ya ce zunubi ne ya jawo, ko don an hana zakka. Muna ganin wannan zalunci ne a kan mutumin da ya riga ya faɗi. Abokan Ayuba haka suka yi ta matsa masa ya nemo laifin da ya jawo masa masifa, a ƙarshe su Allah ya tsauta wa. Yesu kansa, a Luka sura 13, ya ƙi yarda a ce mutanen da hasumiya ta faɗa wa sun fi sauran laifi, haka kuma a Yahaya sura 9 game da wanda aka haifa makaho. Tsutsar daga Amurka ta Kudu ta samo asali, ta bi ta Turai ta shigo Afirka, ba ta tambayi addinin mai gona ba. Wanda ya yi asara ya yi baƙin cikinsa, 'yan'uwa su tallafe shi. Binciken kai yana farawa ne a inda hannunmu ya shiga. Wanda ya fesa magani da yamma ya tsinke da safe ya kai kasuwa, ya kuwa san a jikin kwalbar an rubuta a jira kwanaki, wannan ba ƙaddara ba ce. 'Ya'yan wani ne za su ci miyar.

Sai dai a yi hankali. Littafin amintacce ne, mai karatu ne abin tsoro. Mutum yana iya ɗaukar ma'aunin gaskiya ya riƙa auna kowa da shi ban da kansa. A Afirka ta Kudu wata babbar ikkilisiyar Turawa ta yi shekaru tana kafa hujjar wariyar launin fata da ayoyi, kafin daga baya ta janye ta ce ta yi kuskure. Littafin nan guda shi ne su Bishop Desmond Tutu suka riƙe suka yi tsayayya da wariyar. Masu cin amfanin zalunci sun tsinci ayoyin da suka yi musu daɗi, sun tsallake Amos. Mu ma muna da irin tamu tsintar. Mai ba da bashi ya haddace Zabura ta 37, mai cin bashi ya haddace Nehemiya. Kowa ya san ayar maƙwabcinsa. Akwai kuma wata jaraba ta musamman ga masu bi a wurin da suke 'yan kaɗan, kamar yadda muke a ƙasar Kano. Da yake akwai abubuwan da ake yi mana waɗanda ba daidai ba, sai mu saba da ganin kanmu a matsayin waɗanda aka zalunta kullum, har mu manta wanda aka zalunta a can yana iya zama azzalumi a nan. Bafarisiyen nan na Luka sura 18 bai yi ƙarya a kan azuminsa da zakkarsa ba. Ya dai tafi Haikali ya auna wani.

Maganin wannan, a ganinmu, shi ne kada mutum ya riƙa zaɓar wa kansa aya. A karanta sura dukanta, a karanta tare, a kuma bar na ƙarshen layi da matan zumunta da 'yan ƙodago su faɗi abin da suka ji a ciki. Mai gona da mai dashe ba abu ɗaya suke ji ba in an karanta Yakubu sura 5, inda aka yi maganar ladan masu girbi da aka danne. Kunnen da abin ya shafa shi ya fi ji.

Yakubu ɗin nan ne kuma, a sura ta fari, ya kwatanta mai jin magana ba ya aikatawa da wanda ya duba fuskarsa a madubi ya juya ya manta. A nan yawancin binciken kanmu yake mutuwa. Ana shirin Jibin Ubangiji a ce kowa ya gwada kansa, a sunkuyar da kai minti biyu, a roƙi gafarar zunubai a dunƙule, ba suna ba adadi. Zakka mai karɓar haraji bai yi haka ba. Da Yesu ya shiga gidansa, lissafi ya yi a gaban mutane, rabin dukiya ga matalauta, ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Matiyu sura 5 kuma ta ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Buhun shinkafar da aka kawo gaban ikkilisiya ranar godiyar kaka, in da ruwan wani aka noma shi, mai ruwan ya riga ma'ajin ikkilisiya hakki a kai.

Ga abin da muke roƙon ƙungiyoyinmu su gwada. A ƙarƙashin aikin gyaran kanal na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aka ɗora musu tara kuɗin ruwa da yashe ƙananan hanyoyi. A can muna zaune da maƙwabtanmu Musulmi, su ne masu yawa, kuma ba wa'azinmu suke karantawa ba, littafin ma'aji suke dubawa. Kafin taronsu, kowace ƙungiyar ikkilisiya ta yi nata. A ba da mako guda kowa ya zauna shi kaɗai da Littafinsa da lissafinsa: kuɗin ruwa na eka nawa ya biya, eka nawa ya noma, ranar yashe kanal ya fita ko ya ɓuya, wa yake binsa ladan aiki, gonar wa take hannunsa, tun yaushe. Wanda bai iya karatu ba a haɗa shi da wanda ya yarda da shi. A ranar taro magatakarda ya karanta littafin kuɗi da ƙarfi, da adadi, a fara da na shugaba da ma'aji da fasto in yana noma, gama in manya ba su fara ba, abin zai zama tarkon kama ƙanana.

Ba taron tonon asiri muke nufi ba. Matiyu sura 18 ta shimfiɗa hanya: a fara tsakanin mutum biyu, in ta ƙi a ƙara ɗaya ko biyu, sai ta gagara a kai gaban jama'a. Wanda ya je da kansa ya sami ɗan'uwansa ya gyara, ba ruwan taro da maganarsa. Wanda kuma abin da ya kamata ya mayar ya fi ƙarfinsa a kaka ɗaya, kada a karya shi. A raba masa biya kashi biyu ko uku, damina da rani, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu.

Sa'an nan, a makon da aka buɗe ruwa, shugabannin ƙungiya su taka da ƙafa daga ƙofa har gonar ƙarshe, da rana sau ɗaya, da dare sau ɗaya, tare da mai gonar ƙarshen. Abin da suka gani a hanya su rubuta, a karanta a taro na gaba. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da labarin yadda ta kaya, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, za mu buga don sauran su gani.